Yatsu Biyu a Ƙugun Ajuji

Fassuma, amaryata, tunda kin rantse ba za ki sake dama mini fura ba sai na faɗi dalilin da ya sa na kunyata ki gaban abokan aikinki, to ga dalilin a rubuce. Ki karanta, ki kuma karanta wa sauran masu farar riga na lekkol ɗinku, wato makarantarku ta koyon jinya. Rubutun ɗan aji uku ne, wanda malami ya kora saboda ya fi malamin baki, don haka kada a nemi ado a ciki.

Na yarda na jefe ki da hula. Na yarda na kira ki mahauciya a gaban jama'a. Amma ke ma ki yarda kin ɗauko almakashi kin nufo wuyan hannuna, ba sallama ba tambaya, kina cewa, "Kaka, wannan tsumman zai hana allura zama." Tsumma! Shekara nawa kina ganinsa a hannuna, ba ki taɓa tambaya ba sai ranar da kika samu almakashi. Zauna ki ji.

Ba zan ɓata takarda da yadda na bar Damagaram ba. Labarin daga Agadas ya fara, 'yan shekaru bayan Faransa ta naɗe tutarta daga ƙasarmu da ta Aljeriya. An ce mini a Tamanrasset ana neman duk wanda ya iya Faransanci, ni kuwa na iya wajen kwando guda, rabinsa zagi. A tashar Agadas wani dillali mai fararen haƙora ya kama hannuna ya ce, "Ɗan'uwa, ba a shiga ƙasar nan sai da takarda." Ya nuna mini wata mai rubutun Larabci da hatimi ja. Na ba shi bargona, ya ba ni ita. Larabcin ya fi ƙarfina, amma ina ɗan lekkol in ce ban iya karatu ba? Na gyaɗa kai kamar alƙali na soke ta a aljihu.

Mai kamyo, wato babbar motar kaya, ya yi mini alkawarin wurin zama a gaba. Da aka tashi sai na tsinci kaina a can ƙololuwa, bisa buhunan lalle, tsakanin raguna huɗu da wata mata mai goyo. Hajara sunanta, mutuniyar Tanut, mijinta ya rasu, za ta wurin yayanta mai kanti a Tamanrasset. Jaririyar 'yar wata goma, sunanta Ajuji. Kun dai san ba a ba yaro wannan suna sai uwar ta gaji da binne 'ya'ya. Ni ban ma tsaya na yi wannan tunani ba, ina can ina gyara kwalar riga.

Kullum da safe, bayan salla, sai ta kwance goyo ta kwantar da yarinyar bisa cinya, ta zura yatsu ƙarƙashin wani baƙin zare da ke ƙugunta. Ranar farko na ce, "Yaya, me kike nema a nan, ƙudan zuma?"

Ta ce, "Yatsu biyu. Alhamdu lillahi."

"Yatsu biyu na me?"

"In biyu suka shiga da ƙyar, tana girma. In suka shiga da sauƙi, sai in ƙara mata nono. Ba a koya muku wannan a lekkol ba?"

Na ce a lekkol da ma'auni ake auna mutum. Ta ce to in sauko mata da ma'aunin daga cikin ragunan nan.

A rijiyar In Abangarit aka cika salkuna da wani ruwa mai ɗaci, wanda ko ragunan sai da suka yi shawara kafin su sha. Kwana ɗaya bayan nan zawo ya kama Ajuji. Kamyo kuma ya shiga halinsa: ya yi tafiya kaɗan ya nutse cikin rairayi, mu sauka, mu tona, mu shimfiɗa masa farantan ƙarfe, ya hau, ya sake nutsewa. Sanyin safiya a can ba irin namu ba ne, ƙashi yake nema. Ina karkarwa ina tsine wa mai fararen haƙora, sai Hajara ta jefo mini wani tsohon zanenta ta ce, "Rufa, ɗan lekkol, kada Faransancin ya daskare." Zanen na ƙanshin daddawa. Na rufe fuska da shi na tuna madafin uwata, na yi abin da namiji ba ya faɗi ya yi.

Da safe ta ce, "Uku." Ba ta ƙara da alhamdu lillahi da ƙarfi ba.

A In Gezzam ɗan dowan, mai binciken kan iyaka, ya karɓi takardata, ya karanta, ya kira ɗan'uwansa, shi ma ya karanta, suka zauna ƙasa don dariya. Sannan ya zagaya bayana ya shafa ya ce, "Ina tozon?" Ashe shaidar lafiyar raƙuma ce, 'yar shekara shida, ba ta da ƙazuwa. Dariyar ce ta cece ni, suka ce raƙumar ta wuce. Na hau kamyo ina jiran Hajara ta yi mini tsiya. Ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Huɗu."

Ranar da duwatsun Ahaggar suka bayyana, baƙaƙe kamar an ƙona su, hannunta gaba ɗaya ke shigewa ƙarƙashin zaren.

A Tamanrasset muka tarar yayanta ya tafi Idles sayen alkama, kantin a rufe, ba wanda ya san ranar dawowarsa. Wata tsohuwar badukiya a unguwar Tahaggart, Lalla Mina, 'yar Abzin da aure ya kawo can tun tana yarinya, ta ji Hausa a bakinmu ta tsaya. Ta dubi yarinyar, ba ta tambayi komai ba, ta karɓi ƙunshin Hajara ta ɗora a kai ta ce, "Biyo ni, ɗiyata." Ni kuma na samu gefen zauren wani malami.

Washegari na je likita, wato asibiti, neman aiki. Ba zan faɗi wace ba, ginin ma na ji an rushe. Akwai lokotoro, wato dakta, Bafaranshe, cikin waɗanda suka rage, da majo, wato babban mai jinya, mutumin arewacin ƙasar, mai gashin baki kamar an ja shi da alƙalami. Majo ya ce za a gwada ni mako guda, in yi tafinta in yi shara. Ya ba ni farar riga da ta wuce gwiwa. Fassuma, ranar da na sa rigar nan, ko gwamna bai isa in gaishe shi da hannu biyu ba. Shi ya sa na san ciwonku. Na sha shi kafin a haifi iyayenku.

Ni na je na lallashi Hajara ta kawo Ajuji likita. Ta ce tana tsoro, an ce suna ƙwace wa yara layu. Na bugi ƙirji na ce, "Ina ciki, wa zai taɓa ki?" Ku riƙe wannan magana.

Majo yana da doka: ba yaron da zai hau ma'auninsa da zare, ko laya, ko wuri. Yana da bokiti a gefe don wannan, tare da audugar miki. Da aka kwance Ajuji ya ga baƙin zaren, ya yamutsa fuska ya ce ƙazanta ce. Sai ya miƙo mini almakashi ya ce, "Kai da ka yi lekkol, nuna mini ka waye."

Hajara ta dube ni ta ce, "Idi, me ya ce?"

Na ce, "Ba komai, yaya, auna ta za a yi."

Zaren ya yi sako-sako har da za a iya zare shi ta ƙafafu a ba uwar ta riƙe. Ko a bar shi, nauyinsa bai kai na ƙuda ba. Ban tsaya na yi wannan lissafi ba. Ni da ke da kambun uwata a damtse, ɓoye ƙarƙashin farar riga, na zura almakashi na datse. Majo ya ɗauke shi da ɗan ƙarfe ya jefa a bokiti.

Na zaci za ta yi kururuwa. Ina ma ta yi. Ta ɗauki 'yarta daga kan ma'auni, ta goya, ta ɗaure zane, ta ce a hankali, "Ka sake ta." Ta fita.

Majo ya ɗaga kafaɗa ya ce a kira na gaba.

Can lokotoro ya fito daga ɗaya ɗakin yana goge hannu. Ashe ya hango yarinyar tun a layi. Ya ce, "Ina mai maɗigar da ta faɗa? Yarinyar nan in ba a ƙara mata ruwa ba, ba za ta kai jibi ba." Majo ya ce uwar ta gudu, haka suke. Lokotoro ya juyo kaina: tun yaushe take zawo, yaya jikinta yake kafin ciwon, tana da karne, wato ɗan littafin nan da kuke rubuta nauyin yaro? Ya ce ma'auni zai gaya masa nauyinta na yau, amma shi abin da ta zubar yake son sani.

Na ce ba ta da karne. Sai na ji bakina yana cewa, "A Agadas biyu. Bayan rijiya uku. A In Gezzam huɗu. Jiya hannu duka."

Ya ce, "Biyun me?"

Na bayyana masa da kwandon Faransancina. Sai ya ce, "Ina zaren?"

Na dubi bokiti. An riga an juye shi a ramin bayan likita, inda ake cinna wuta bayan la'asar.

A nan hankalina ya dawo, ya taho da fushi. Na ce wa majo, "Karnenta ka sa na yanke!" Ya ce in iya bakina, tsafi ne da datti. Akwai wata 'yar sarƙa a wuyan lokotoro mai ƙaramar azurfa. Na nuna ta na ce, "Wannan wa ya ba ka?" Ya ce uwarsa. Na ce, "Tana warkar da zazzaɓi?" Ya ce a'a. Na ce, "To kawo in jefa a bokiti." Ya dafe ta da hannu kafin ya san ya dafe. Majo ya ce in na taka ramin nan da farar rigarsa, kada in dawo. Na tuɓe ta na rataya masa a kan ma'auni, na ce ya auna ta ya gani ko ta fi zaren nauyi.

Ba zan ba ku labarin abin da ke cikin ramin likita ba, kun fi ni sani. Da hannu na tona. Mai cinna wuta yana tsaye da kwalbar kananzir yana cewa, "Ɗan Nijar, me ka yar, zinariya?" Na same shi manne da wata auduga. Na wanke da sabulu sau bakwai, na ruga Tahaggart.

Lalla Mina na tsaye a ƙofa da taɓarya. Ta ce, "Ƙara taku ɗaya, in yi maka abin da ka yi wa zaren."

Na durƙusa a nan waje cikin rana, na ɗaga zaren sama kamar mai tallar tsire, na ce, "Yaya Hajara, ga shi."

Daga ciki ta ce, "Ni ba yayarka ba ce."

"Lokotoro ya ce in ba ki kawo ta ba, ba za ta kai jibi ba."

"Na sani. Tun da ka datse na sani."

Sai ta fito bakin ƙofa, yarinyar a hannu kamar tsumman da aka matse. Ta ce, "Ka san mene ne wannan? Uku na binne. Da na samu cikin wannan, innata tana kwance ba ta iya tashi, ta sa aka miƙo mata mazari. A kwance ta kaɗa shi. Ta sa aka rina, malam ya tofa. Ranar suna ita ta ɗaura da hannunta, ta ce kada a kwance sai yarinyar ta taka ƙasa da ƙafarta. Kwana tara bayan nan ta rasu. Ba ni da hotonta, ba ni da ko ɗan kunnenta. Da wannan take riƙe mini ita. Kai kuma ka ce ba komai."

Na ce a ɗaura, a mayar.

Ta ce, "Ɗan lekkol! In ka ƙulla, ƙullin zai ci tsawo. Zai matse, ya ce mini ta yi ƙiba alhali tana mutuwa. Zaren da zai yi mini ƙarya me zan yi da shi?"

Ka ji matar da majo ya ce ba ta waye ba.

Lalla Mina ta jingine taɓarya ta karɓi zaren ta juya shi. Ta ce, "Almakashin na da kaifi, bai ci komai ba. In aka haɗa baki da baki aka naɗe da wani zare, tsawon na nan. Amma zaren kasuwa ba zai hau kan wannan ba. Sai wanda wata uwa ta kaɗa."

Suka dube ni su biyu. Ban san yadda aka yi suka sani ba, ƙila kumburin damtse ne. Na naɗe hannun riga. Kambun nan uwata ta ɗaura mini, ta ce kada in cire sai a gabanta. Lalla Mina ta miƙo wuƙar dukanci ta ce, "Kai ne gwanin yanka."

Na yanke. Sai a lokacin na ji abin da Hajara ta ji, kamar an buɗe ƙofa a bayana cikin sanyi.

Tsohuwa ta warware silin zarena, ta zagaya na Ajuji a ƙugunta, ta haɗa bakunan, ta naɗe su tsaf yadda take naɗe bakin jaka. Hajara ta zura hannu. Ya shige har wuyan hannu. Ta ce, "Gaskiya yake faɗi." Sannan ta kafa sharaɗi: za ta je, amma ni da mai gashin baki kada inuwarmu ta taɓa 'yarta, kuma zaren na nan.

Ta taga na yi tafintar, ina tsaye a waje. Lokotoro ya durƙusa ya zura yatsunsa ƙarƙashin zaren, uku suka cika wurin. Hajara ta ture hannunsa ta ce, "Gaya masa yatsunsa kamar rogo. Da nawa ake aunawa." Na gaya masa yadda ta faɗa, rogo da komai. Ya yi dariya, ya buɗe sabon karne, ya rubuta nauyin ma'auni a gefe ɗaya, a ɗaya gefen ya rubuta yatsun uwa. Ya sa allurar ruwa, zaren bai hana ta zama ba. Kin ji, Fassuma? Bai hana ba.

Kullum da safe ina zuwa bakin tagar, bayan na sauke buhunan dabino a kasuwa, don aikin da na koma ke nan, shi na yi shekara shida. Ba ta yi mini magana. Lalla Mina ce ke ɗago mini yatsu daga ciki. Kwana uku hannu duka, har na daina cin abinci. Rana ta huɗu, huɗu. Aka daɗe a huɗu. Sannan uku. Ranar da ta ɗago biyu na zauna a ƙasa cikin ƙurar titi, jandarma ya zo ya tambaya ko giya na sha.

Matan unguwa da suka daina zuwa likita saboda bokitin majo suka ji labari, suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kowace da hannu a kan zaren ɗanta. Bokitin dai bai tafi ba, majo ma bai tafi ba, sai dai ya koyi duba ƙofar lokotoro kafin ya ɗauki almakashi.

Layar uwata kuwa, da ba ta da zare, na sa a aljihu. Ta faɗi a wani wuri tsakanin kasuwa da Tahaggart. Na neme ta har na gaji. Kafin in koma Damagaram uwata ta rasu, ban cire a gabanta ba, ban kuma gaya mata ba.

To ku masu farar riga, ban ce kowane zare magani ne ba. Na ga wanda ya matse hannun yaro har ya kumbura, na ga wanda ya yi datti a kan miki. Irin wannan a cire. Amma bakinku ciwo yake yi? Ku tambaya: wa ya ɗaura, don me, yaushe za a kwance? Wani awo ne. Wani alkawari ne. Wani na takaba ne, wani kuma mijin mai shi kaɗai ya san da shi, ku kuna yaye zane gaban mutane kuna dariya. In yana zaruwa, a zare a ba mai shi ya riƙe. In yana matsawa, a matsar, ko a koma ɗaya hannun, ai Allah ya ba mu biyu. In lalle sai an yanke, ku faɗi dalili, ku miƙa wa mai shi almakashin, ku kuma mayar masa da abinsa a tafin hannu. Bokiti na auduga ne. Wanda kuka yanke wa ba zai yi muku gardama ba, kuna da riga. Zai dai tafi, ba zai dawo ba, ku rubuta a littafinku cewa jahilci ya kashe shi.

Hajara ta yi shekara guda ba ta amsa gaisuwata ba. Ranar da Ajuji ta taka ƙasa, daga tabarma zuwa turmin Lalla Mina, aka aiko a kira ni. Hajara ta zare zaren ta ƙafafun yarinyar, ta ce, "Miƙo hannu." Ta naɗa shi sau biyu a wuyan hannuna ta ce, "Rabinsa na innarka ne. Ka riƙe, ka dinga tunawa kai wane ne." Bayan wata shida yayanta ya ba ni ita, ya ce ya gaji da ganina a ƙofar kanti ba na sayen komai. Sau uku ana yi wa zaren sabuwar rigar fata, shi ya sa kika ga kamar tsumma.

Sunan Ajuji ya ɓace tun da muka dawo gida, don kakarki Hajara ta hana. Ke da Hajiya Rakiya kika san ta, mai yi miki faɗa in kin daɗe a waya. Je ki tambaye ta ko ta san ƙugunta ya taɓa shiga cikin abin da ke hannuna, da sauran wurin yatsu biyar.

Jibi zan dawo a ƙarasa mini ƙarin ruwan nan. Ga hannun hagu, babu komai a kansa sai tsufa. Ki zo da fura, ki bar almakashin a buro, can ofis ɗinku.